Yadda ake haɗa injin turbo mai ƙarfi wanda ba zai buga ba: misali da 1.8T na Golf 4

Tambayar da ta fi yawan zuwa mini daga matasa masu Golf 4, Passat da Audi A4 ita ce: wace turbo zan saya motata ta kai doki 400? Amsar da nake ba su ba ta yi musu daɗi, domin turbo tana can kusa da ƙarshen jerin abin da za a saya. Injin da aka ƙara wa ƙarfi abu huɗu ne ke kashe shi: zafi, ƙwanƙwasa (fashewar fetur da kansa a cikin silinda kafin wuta ta iso shi), yankewar baƙin mai, da ƙarfin da ya danno wa kwanrod, wato sandar da ke haɗa fistan da kiranshaf, farat ɗaya tun inji yana juyin ƙasa. Duk matakan da ke tafe, a kan toshe waɗannan ƙofofi huɗu aka jera su.

Na ɗauki 1.8T na Volkswagen ne saboda yana hannun mutane, kayansa na samuwa a Ƙofar Ruwa, Panteka, Apo da Ladipo, kuma bulok ɗinsa na baƙin ƙarfe ne mai juriya. Faɗin silindarsa milimita 81, girmansa cc 1781, bawul biyar a kowace silinda. Mai wani injin daban zai iya bin wannan jeri, lambobin ne kawai za su canza.

1. Yanke lambar da kake nema

Kafin ka kwance noti ɗaya, ka zauna ka rubuta ƙarfin da kake so, ka kuma rubuta man da za ka riƙa sha. Na biyun shi ne ke hukunta na farkon. Lambobin da kake gani a bidiyon Turai da Amurka galibi an same su ne da fetur mai oktan 98 (oktan shi ne ma'aunin yadda fetur ke jure ƙwanƙwasa) ko mai gauraye da etanol, a garuruwan da ba su kai namu zafi ba. Fetur ɗin gidajen man Najeriya a kan oktan 91 aka tsara shi, kuma a watan Afrilu zafin Sakkwato, Maiduguri da Yamai yana haura digiri 40. Injin da ya yi doki 350 a Jamus, in ka kawo masa saiti iri ɗaya nan, fistan zai ci.

Ga yadda matakan ƙarfin suke. Injin yana fitowa daga kamfani da doki 150 ko 180, da ƙaramar turbo K03. Da saitin kwamfuta kaɗai yana kai wajen doki 200, ba sai an buɗe shi ba. K04 irin ta Audi TT da S3 masu doki 225 tana iya kai shi wajen 260. Daga nan sama, an shiga babban aiki.

Shawarata ga motar da za a hau kullum a ƙasarmu: doki 280 zuwa 300. A mota mara nauyi kamar Golf 4, wadda tayoyin gaba kaɗai ke ja, wannan ya ishi kowa tsoro. Jagorar nan a kan wannan lamba aka gina ta.

Gargaɗi: in ka canza ra'ayi a tsakiyar aiki, sau biyu za ka sayi nozul, kuloci da turbo.

2. San injin da ke gabanka

1.8T ba iri ɗaya ba ne. Nemi haruffa ukun da aka buga a jikin injin, ko a takardar da ke manne a murfin bel ɗin taimin, ko a but kusa da safaya. AGU da AEB tsofaffi ne, hanyoyin iskar tof silindarsu manya, fil ɗin fistan ɗinsu milimita 20. AUM, AUQ da AWP sababbi ne, fil ɗinsu milimita 19, totur ɗinsu na lantarki, birenbos ɗinsu Bosch ME7.5, kuma suna da na'urar salansa mai auna mai da iska dalla-dalla, abin da ke sauƙaƙa saiti ƙwarai. BAM shi ne mai doki 225. In injin ɗan Beljiyam ne da aka taɓa sauyawa, kar ka yarda da takardar but. Jikin ƙarfen za ka duba.

Sannan ka gwada lafiyarsa tun yana kan mota. Auna kwamfireshan da zafinsa: silinda huɗun su kasance kusa da juna, bambancin kar ya wuce kashi 10 cikin 100. Cire na'urar fitilar baƙin mai ka ɗaura agogon awo na gaske. A juyi 2000 a minti, inji da zafi, matsin kar ya gaza ba 2 ("ba" ko bar shi ne ma'aunin matsi). Buɗe murfin zuba mai ka haska ciki. In ka ga baƙin ƙulli ya daskare, ka san abin da ke jiranka a ƙasa, musamman a Passat da A4 waɗanda kwanon mansu ƙarami ne.

3. Kayan aiki da kuɗi

Sifana da soket kowane gareji yana da su. Abin da ba kowa ke da shi ba, kuma in babu shi kar a fara, su ne kayan awo: sifanar awon ɗauri mai lafiya da ma'aunin kusurwa, maikiromita, ma'aunin cikin silinda, fila-geji, zaren awon metal na Plastigauge, zarton gyara bakin ringi, da kwamfuta mai VCDS, manhajar karanta bayanan motocin Volkswagen da Audi. In bakanikenka ya ce shi hannunsa ne ma'auni, shekara ashirin yana ɗaure inji bai taɓa bugawa ba, ka gaishe shi da girmamawa, ka ce "Oga, Allah ya ƙara basira," ka ɗauki injinka ka yi gaba. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa game da injin tasi. Wannan aikin daban ne.

Kuɗi da dala zan faɗa, don lissafin naira ba ya kwana biyu a wuri ɗaya, kuma ƙiyasi ne kafin jigila da kwastan. Kwanrod na ƙira dala 400 zuwa 600. Fistan na ƙira 600 zuwa 900. Turbo ta asali 1,000 zuwa 1,500, ban da manifol da bututunta. Nozul da famfon mai 350 zuwa 600. Intakula, wato na'urar sanyaya iskar turbo, da bututu 300 zuwa 600. Kuloci 500 zuwa 900. Saitin kwamfuta 500 zuwa sama. Ƙara metal, gaskit, kusoshi, bel ɗin taimin, famfon ruwa, famfon baƙin mai da kuɗin mai yankan ƙarfe, za ka ga an doshi dala 5,000 zuwa 7,000, wanda sau da yawa ya fi kuɗin motar kanta. Ware kashi ɗaya cikin biyar a gefe don abin da ba ka zata ba.

In kuɗin bai isa duka ba, ka fara da cikin inji, sanyaya da kuloci, ka ci gaba da hawa da K03 ɗinka har ka tara na turbo. Akasin haka ne ke kai mota ƙarƙashin bishiyar gareji ta shekara.

4. Kwancewa da kai wa mai yankan ƙarfe

Ɗauki hoton kowace waya da kowane tiyo kafin ka cire. Murfin metal kowanne da gurbinsa da fuskar da yake kallo. Yi musu alama. Kusoshin tof silinda a sassauta su daga waje zuwa ciki, kaɗan-kaɗan, kuma inji a sanyaye.

Abu na farko da za ka duba in an sauke kwanon ƙasa shi ne rariyar da ke zuƙo baƙin mai. A wannan injin ita ce makashinsa: ƙulli da ɓurɓushin gam suna toshe ta, mai ya yanke, turbo ta fara mutuwa, metal ya bi baya. Kar ka wanke ta, sabuwa za ka saya, ba ta da tsada.

Wajen mai yankan ƙarfe, ga abin da za ka nema: a auna kowace silinda sama, tsakiya da ƙasa, ta fuska biyu, a duba saman bulok da na tof silinda ko sun lanƙwashe, a auna kiranshaf. In kiranshaf yana kan ma'auninsa na asali, gogewa kawai yake so, kar a yanka shi don al'ada. In silinda ta ci, a faɗaɗa zuwa 81.5.

Gargaɗi: kar a yi borin sai fistan ɗin suna hannu. Mai aikin zai auna kowane fistan ya yanka raminsa daidai da tazarar da ke takardar kamfanin. Wanda ya yi borin da ka, sannan aka je neman fistan, ya juya aikin.

A tof silinda a canza robobin bawul, a duba gaid, a duba sarƙar da ke haɗa kamshaf biyu da abin da ke ɗame ta. Bawul ɗin salansa na asali masu rami ne a ciki, kuma in sun tsufa suka sha zafi kansu yakan cire. In kana da hali ka sa na ƙarfe mai jure zafi. Fafe hanyoyin iska kuwa, a doki 300 ɓarnar kuɗi ne.

5. Kwanrod da fistan

Nan ne zuciyar aikin. Kwanrod na asali a 1.8T yana fara lanƙwashewa ne in ƙarfin murɗawa, wanda ake aunawa da Nm, ya doshi 400, kuma ba a juyin sama yake yi ba. A juyi 3000 yake yi, lokacin da direba ke giya ta huɗu ya take totur har ƙasa, turbo ta cika farat ɗaya, fistan yana tafiya a hankali, duk nauyin ya sauka a kan sandar. In ta lanƙwashe kaɗan, ba za ka sani ba sai ran da ta huda bulok ta leƙo waje. Saboda haka kwanrod na ƙira, tsawon milimita 144, da kusoshi masu ƙarfi na kamfanin ARP, ba abin tattaunawa ba ne. Ka tabbata kan sandar ya dace da fil ɗin fistan ɗinka, 19 ko 20, domin fistan masu 19 gurbinsu a tsuke yake ta sama, sandar da aka fiƙe kanta suke ɗauka.

Fistan kuwa akwai magana. Na asali suna da ƙarfi, a Turai mutane da yawa suna barinsu har sama da doki 300. Abin da ya sa nake cewa a canza su a nan shi ne kwamfireshan. Yawancin waɗannan injina 9.5 ne, wanda ya yi yawa ga matsin iska mai ƙarfi da fetur 91 a zafin bazara. Fistan masu 8.5 ko 9.0 suna ba ka sarari. Motar za ta ɗan yi nauyin tashi kafin turbo ta kama, amma ran da ka sha gurɓataccen mai a hanya, wannan sararin ne zai cece ka.

Fistan na ƙira iri biyu ne. Mai lamba 4032 ba ya kumbura sosai, ana ba shi ƙaramar tazara, ba ya ƙara da safe, kuma yana daɗewa. Mai lamba 2618 ya fi jure duka amma yana son tazara babba kuma yana saurin ci. Motar hawa kullum, 4032.

Gargaɗi: kar ka rage kwamfireshan ta hanyar jera gaskit biyu. Hanyar da ruwa da wuta za su haɗu ka buɗe.

6. Wanki, awo da ɗauri

Bulok in ya dawo daga mai yankan ƙarfe cike yake da garin dutse da na ƙarfe. Fetur ba ya fitar da shi. Ruwan zafi da sabulu da buroshi, a bi duk hanyoyin baƙin mai, a busar da iska, a shafa mai nan take don tsatsa. Sannan ka ɗauki farin ƙyalle da ɗan mai ka goga cikin silinda. In ya fito da toka-toka, a sake wankewa. Sai ya fito fari tas. A duba ƙananan bututun da ke fesa mai ƙarƙashin fistan, kowanne ya buɗe kuma bai karkace ba.

A ɗaki mai ƙofa za a haɗa injin, ba a filin gareji ba, balle lokacin hunturu da ƙura ke sauka a kan komai. In an tashi aiki a rufe shi da leda.

Ringi: saka kowanne shi kaɗai a cikin silindar da zai zauna, tura shi ƙasa kaɗan da kan fistan don ya daidaita, auna bakinsa da fila-geji. A silinda mai milimita 81 da turbo, na sama yana son wajen 0.40 zuwa 0.45, na biyu ya ɗan fi shi, wajen 0.45 zuwa 0.50, sai dai in takardar fistan ɗinka ta faɗi wani abu, to ita za ka bi. A goga baki ɗaya kawai, daga waje zuwa ciki, a share kaifin. In bakin ya yi ƙanƙanta, da zafi ya hau ringin zai kumbura, bakunan su haɗu, ya fasa kafaɗar fistan. Ƙarin tazara kaɗan ba ya kashe inji. Rashinta ke kashewa.

Metal: ɗora guntun zaren awo a kan kiranshaf busasshe, ɗaure murfin da cikakken ɗauri ba tare da ka juya komai ba, kwance, gwada faɗin zaren da ma'aunin takardarsa. Kana neman wajen 0.04 zuwa 0.05. Yi wa kowane gurbi, ka rubuta a littafi. Bayan nan a shafa man haɗa inji, a ɗaure, a juya kiranshaf da hannu bayan kowane murfi. In ya ɗaure a wani wuri, tsaya nan ka gano dalili.

Kusoshin tof silinda, na murfin kiranshaf, na filawil da babban kusan gaban kiranshaf duk masu miƙewa ne, sau ɗaya ake ɗaura su. Sababbi za ka sa, ko na ARP, a bi jeri da lambobin littafin injin. Gam kuma a sa shi siriri. Wanda ya matso waje, irinsa ya matso ciki, kuma rariyar mai zai tafi.

Sabon famfon baƙin mai, sabon bel ɗin taimin da duk tayoyinsa, sabon famfon ruwa mai farfelar ƙarfe. Bayan an ɗaura bel, juya injin da hannu zagaye biyu ka sake duba alamomin. In taimin ya goce, fistan da bawul ashirin ne za su gaisa.

7. Turbo da hanyoyin manta

Ga doki 300, turbo mai girman Garrett GT2860RS ta wadatar: tana kamawa da wuri, ba ta wahala a wannan lamba. Babba irin GT3071R a injin cc 1800 sai juyi ya haura 4000 take farkawa, cikin gari kuma haushi za ta riƙa ba ka.

Kasuwa cike take da turbo na kwaikwayo masu ɗauke da farantin sunan manyan kamfanoni. Araha ba ta ado: in farfelarta ta tarwatse, gutsattsarin ta cikin injin da ka kashe wa dukiya za su bi. Saya daga dillalin da za ka iya komawa wurinsa.

Bututun da ke kai mata mai sabo za ka sa, ka nisanta shi da manifol. Turbo mai boris na ƙwallo tana son matsi kaɗan, don haka ana sa mata abin rage kwarara mai huda wajen milimita 1. Mai bushin kuwa galibi ba ta so. Bututun dawowar mai ya zama mai faɗi, ya gangara kai tsaye ba lanƙwasa, domin nauyinsa kaɗai ke mayar da shi kwano. Yawancin turbo da ake cewa "tana hayaƙi" lafiyarta ƙalau, hanyar dawowar ce ta shaƙe. A haɗa mata bututun ruwa ma, kar a toshe su. Salansa daga turbo zuwa baya inci 3. Duk waya da tiyon da ke kusa da gidan wuta a naɗe su da abin kare zafi.

Gargaɗi: bawul ɗin nan mai yin "fishsh" yana zubar da iska waje, a injin da ke auna iskarsa tun daga bakin shiga, rikita lissafin mai yake yi. Sa mai mayar da iskar ciki.

8. Sanyaya iska, ruwa da mai

Iskar da turbo ta matsa zuwa ba 1.3 a ranar da ake digiri 40 tana fitowa da zafin da ya haura digiri 150. Ƙaramar intakular da ke gefen bamba ba za ta iya da wannan ba. Ja biyu za ka yi ta ɗau zafi. Sa babba a gaba, da bututu inci 2.5 masu tudu a baki don kar tiyo ya zame. Amma ka tuna ta tsaya gaban lagireto ne tana tare masa iska, saboda haka a toshe gefuna don iskar ta bi ta cikinsu, kuma fanka biyun su yi aiki a duk matakan gudunsu.

Al'adar cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye a bar ta. Injin da bai kai zafin aikinsa ba, kwamfuta tana ta ƙara masa mai, man yana wanke silinda, tazarar da ka wahala kana aunawa ta tashi a banza. Sa sabon tamostat na digiri 87, sabon lagireto, da ruwan sanyaya G12 ko G13 gauraye da tataccen ruwa. Ruwan rijiya da na leda kanwa suke tarawa. Duk mahaɗan roba na ruwa da suka shekara ashirin a canza su. Ƙara wa baƙin mai tasa na'urar sanyayawa mai tamostat, da agogon zafin mai da na matsinsa a gaban direba.

Matatar iska ta zauna a akwati, tana shan iska daga waje. Buɗaɗɗiyar da ake ratayawa kusa da inji zafi take zuƙa, kuma ƙurar hunturu tana cin farfelar turbo.

9. Fetur da wuta

Nozul masu cc 550 sun isa doki 300 da sarari. Kar su riƙa aiki sama da kashi 85 cikin 100. Famfon mai irin Walbro 255, da sabuwar waya mai kauri da rile nasa, sabuwar matata, kuma a sauke tanki a wanke. A gwada matsin man da agogo yayin da turbo ke cike: dole ya hau daidai da hawan matsin iska. In ya faɗi a juyin sama, ɗaga ƙafa.

Gargaɗi: nozul manya ba sa shiga sai tare da saitin da ya san girmansu. Haka ma gidan na'urar auna iska in an faɗaɗa shi.

Filogi mai sanyi mataki ɗaya, irin NGK BKR7E, baki milimita 0.7. Kwayil huɗu sababbi na asali. Jabun filogi sun yi yawa, ka duba inda kake saye. Mai kuma ka zaɓi gidan mai ɗaya ko biyu da ka yarda da su. Na 'yan bumburutu a galan ba na wannan motar ba ne. Wanda ya tuna fetur mai yawan metanol da ya shigo Najeriya a farkon 2022 ya san ko gidan mai ba a rantsuwa a kansa.

10. Kuloci, giya da birki

Kulocin asali zai fara zamewa tun kafin a gama saiti. A giyabos 02J mai giya biyar, ana yawan sa filawil guda da kuloci mai faɗin milimita 228, a kuma sauya ƙusoshin difarenshal da kusoshi masu ƙarfi. 02M mai giya shida ya fi juriya in ka samu. Giyar otomatik ta waɗannan motoci ba ta wannan aikin ba ce. Birkin gaba a ɗaga shi zuwa faranti milimita 312 irin na Audi TT, da sabon man birki DOT 4 da tayoyi masu kyau, kafin saiti, ba bayansa ba.

11. Tayarwar farko da horar da inji

Zuba baƙin mai na gargajiya mai kyau, ba sintetik ba tukuna. Ɗura kaɗan a bakin turbo ka juya farfelar da yatsa. Cire fis ɗin famfon fetur da kwayil, ka yi ta ba shi kii a taƙaice har agogo ya nuna matsi. Sannan a toshe bakin shigar iska, a hura ba 1 a bututun, a fesa ruwan sabulu a kowace mahaɗa. Inda ya yi kumfa a gyara.

Da ya tashi, ido a kan matsin mai. Mutum ɗaya a sitiyari, ɗaya da fitila yana duba yoyo. In ya yi zafi ba matsala, a fita titi. Kar a bar shi yana sulo na awa guda, ringi ba ya zama da sulo. A giya ta uku, taka rabin totur daga juyi 2000 zuwa 4000, ɗaga ƙafa ka bar inji ya ja motar baya, ka maimaita. Cire wayar bawul ɗin N75, mai sarrafa matsin turbo, don turbo ta tsaya a ƙaramin matsinta. Juye mai da matata bayan kilomita 50 na farko, ka yanka matatar ka duba cikinta: ƙyalli kaɗan ba komai, gutsattsari masu launin tagulla kuwa metal ne. Sake juyewa a kilomita 1,000, sannan ka koma sintetik 5W-40 mai amincewar VW 502 00, kana canzawa duk kilomita 5,000.

12. Saiti

Duk abin da aka yi a baya, minti ɗaya na mugun saiti ya isa ya rushe shi. Fayil ɗin da aka sauko da shi daga intanet, ko wanda aka kwafo daga motar wani, ba saiti ba ne. Kana buƙatar mai saitin da zai karanta bayanan motarka ya gyara, ko yana kusa ko daga nesa kuna aika wa juna, kuma ka gaya masa gaskiyar man da kake sha da zafin garinku. A yi saitin da man da za ka riƙa samu kullum, da tsakar rana. Wanda aka yi da sanyin asubar Disamba, Afrilu zai tona shi.

A fara da ƙaramin matsi, a riƙa ƙarawa da ba 0.1 zuwa 0.2, ana karanta bayanai bayan kowane ja a giya ta uku. A ME7.5, rukuni na 020 a VCDS yana nuna yadda kwamfuta ke janye taimin a kowace silinda saboda ƙwanƙwasa, 031 mai da iska, 115 matsin da aka nema da wanda aka samu, 118 zafin iskar shiga. Janyewar digiri 2 ko 3 jefi-jefi ana iya zama da ita. Ta kai 6, an wuce gona da iri, a rage taimin ko matsi. Lamda, wato ma'aunin gaurayar mai da iska, a cikakken totur ta zauna wajen 0.78 zuwa 0.82. Na'urar matsi ta asali ba ta gani sama da wajen ba 1.5, kar a bi ta inda kwamfuta ta makance.

Ƙwanƙwasa ita ce man da ya fashe da kansa kafin wutar filogi ta iso shi. In ta yi tsanani za ka ji ta kamar an kaɗa tsakuwa a gwangwani, amma wadda ke cin fistan sau da yawa kunne ba ya kama ta cikin ƙarar salansa, shi ya sa ake karanta lambobi. Kar ka yarda a kashe na'urorin jin ƙwanƙwasa ko kariyar kwamfuta don fitilar gargaɗi ta daina damunka.

Roƙi mai saitin abu biyu. Na ɗaya, matsin ya hau a hankali, kar ya yi tsalle a juyi 3000; ƙarfin murɗawa ya kwanta shimfiɗe har sama. Na biyu, kwamfuta ta riƙa rage matsi da taimin da kanta in iskar shiga ta haura digiri 50 zuwa 55. In an kai inda ƙwanƙwasa ta fara leƙowa, a ja baya mataki ɗaya a tsaya nan, ko da lambar ta tsaya a 280. Feshin ruwa da metanol yana taimakawa sosai a zafinmu, amma a bar shi a matsayin ƙarin kariya. In aka gina saitin a kansa, ran da tankinsa ya ƙare a hanyar Zariya injin ne zai biya.

Bayan an gama, ƙa'idar hawa ba ta da yawa: kar ka taka sai baƙin mai ya kai digiri 80, kar ka take totur a babbar giya da juyin ƙasa, sauko da giya tukuna, kuma bayan doguwar tafiya ka yi kilomitocin ƙarshe a hankali kafin ka kashe. Duk wata uku ka sake karanta rukuni na 020 da na 032, mai nuna gyaran da kwamfuta ke yi wa lissafin mai, ka zaro filogi ka duba: farin kai mai ɗigon baƙi ko ƙyallin ƙarfe alamar ƙwanƙwasa ce, a mayar da motar kan kwamfuta kafin a sake taka ta.